Ƙarfen daidaita haƙora

Ƙarfen daidaita haƙora, wanda kuma ake kira ƙarfen haƙora ko wayar haƙora, na'ura ce da likitan haƙori ke ɗaurawa a baki domin matsar da haƙora sannu a hankali zuwa inda ya kamata su tsaya. Ana amfani da shi wajen gyara haƙoran da suka hau kan juna, da waɗanda suka turo waje, da waɗanda suka yi tazara, da kuma cizon da haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa daidai. Reshen likitancin haƙori da ke wannan aiki ana kiransa otodontiks, sunan da ya samo asali daga kalmomin Girkanci biyu: orthos, ma'ana miƙaƙƙe, da odontos, ma'ana haƙori.

An fi sa wa matasa ƙarfen, musamman masu shekara 11 zuwa 16, duk da cewa manya ma suna sawa. Akwai nau'o'i da dama: na ƙarfe, na tangaran, mai kulle kansa, na bayan haƙora, da kuma marufin roba mai garai-garai. Dukkansu a kan ƙa'ida ɗaya suke aiki, wato matsa haƙori da ɗan ƙarfi na tsawon lokaci har ƙashin da ke riƙe da shi ya sauya siffa. Inda suka bambanta shi ne kamanni, da tsada, da irin matsalar da kowanne ya fi iya gyarawa, da kuma yawan nauyin da ke wuyan mai sawa.

Matsalolin da yake gyarawa

Mutum yana da haƙoran nono 20, waɗanda yake famfararsu daga wajen shekara 6 zuwa 12, sannan haƙora na dindindin 32 su maye gurbinsu. Idan girman haƙoran ya fi ƙarfin filin da ke muƙamuƙi, sai su cunkushe, wasu su karkace, wasu su fito a bayan layi. Idan kuma filin ya yi yawa, sai tazara ta bayyana. Gado shi ne babban dalilin hakan. Sauran dalilan sun haɗa da tsotsar yatsa bayan yaro ya girma, da faɗuwar haƙoran nono tun kafin lokacinsu saboda ruɓewa, da ƙarin haƙori ko rashin fitowar wani, da rauni a muƙamuƙi.

A shekarar 1899 likitan haƙori Ba'amurke Edward Angle ya kasa matsalolin cizo gida uku, bisa yadda turmin farko na sama ke haɗuwa da na ƙasa. Har yanzu ana amfani da wannan rabe-rabe:

Rukuni na 1: turamen suna haɗuwa daidai, amma sauran haƙoran sun cunkushe, ko sun karkace, ko sun yi tazara.

Rukuni na 2: haƙoran ƙasa sun ja baya fiye da kima, galibi haƙoran gaba na sama su turo waje.

Rukuni na 3: haƙoran ƙasa sun yi gaba, wani lokaci har su sha gaban na sama.

Akwai kuma cizo mai zurfi, inda haƙoran sama ke rufe yawancin na ƙasa, da buɗaɗɗen cizo, inda haƙoran gaba ba sa haɗuwa ko da an rufe baki.

Ba kowane saɓani a tsarin haƙora ne cuta ba. Wushirya, alal misali, alamar kyau ce a wurin Hausawa da al'ummomi da yawa na Afirka ta Yamma, kuma idan ba ta zo da wata matsala ba, babu dalilin lafiya da ke tilasta rufe ta. Abin da ke sa likita ya ba da shawarar magani shi ne wahalar tauna, ko haƙoran ƙasa su riƙa cizon dasashin sama, ko haƙori ya maƙale cikin ƙashi ya kasa fitowa, ko haƙoran gaba su turo sosai, domin irin waɗannan sun fi saurin karyewa idan yaro ya faɗi. Damuwar matashi game da kamanninsa da tsokanar abokai su ma dalilai ne da ake la'akari da su.

Tarihi

A shekarar 1728 likitan Faransa Pierre Fauchard ya wallafa littafinsa Le Chirurgien Dentiste, inda ya bayyana wani lanƙwasasshen ƙarfe mai siffar kofaton doki da ake ɗaure haƙora a jikinsa da zare domin faɗaɗa layinsu. Edward Angle, wanda ya rayu daga 1855 zuwa 1930, shi ne ya mayar da aikin ƙwarewa mai zaman kanta. Ya buɗe makarantar koyar da shi a birnin St. Louis na Amurka a farkon ƙarni na 20, kuma a 1928 ya gabatar da tsarin da ake zura waya mai kusurwa huɗu cikin tsagin ɗan ƙarfen da ke kan kowane haƙori. Wannan tsari shi ne tushen ƙarfen haƙora na yau.

A zamanin Angle da zinare da makamantansa ake ƙera kayan, abin da ya sa suka yi tsada ƙwarai. Daga baya ƙarfen da ba ya tsatsa ya maye gurbinsu. Har zuwa shekarun 1960 sai an zagaye kowane haƙori da zoben ƙarfe. A 1955 Michael Buonocore ya nuna cewa idan aka shafa wa fuskar haƙori asid mai rauni, gam yana kama ta da ƙarfi, kuma a 1965 George Newman ya yi amfani da dabarar wajen manna kayan kai tsaye a kan haƙori. A farkon shekarun 1970 George Andreasen na Jami'ar Iowa ya shigo da wayar nikel da titaniyom, wadda ke komawa siffarta ta asali bayan an lanƙwasa ta. A cikin shekarun 1970 ɗin ne kuma Kinya Fujita a Japan da Craven Kurz a Amurka suka ƙirƙiro ƙarfen bayan haƙora. Na tangaran ya shiga kasuwa a shekarun 1980, sannan kamfanin Align Technology, wanda aka kafa a 1997, ya fara sayar da marufin roba na Invisalign a 1999.

Yadda yake aiki

Ƙarfen da ake mannawa yana da manyan sassa uku. Na farko shi ne biraket, ɗan ƙaramin maƙalli mai tsagi a tsakiya da ake mannawa a kan kowane haƙori. Na biyu ita ce waya mai siffar baka da ke ratsa tsagin biraket ɗin duka. Na uku shi ne abin da ke riƙe wayar a cikin tsagin, yawanci ɗan zoben roba. A kan turamen baya wani lokaci ana sa zoben ƙarfe. Akan kuma ƙara robobin ja da ake maƙalawa tsakanin haƙoran sama da na ƙasa domin gyara cizo.

Haƙori ba a manne yake da ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wani siririn nama mai zaruruwa, wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Idan waya ta tura haƙori, naman yana matsewa a gefe ɗaya ya kuma miƙe a ɗaya gefen. A gefen da ya matse, wasu ƙwayoyin halitta suna narkar da ƙashi su buɗe hanya. A gefen da ya miƙe, wasu ƙwayoyin suna gina sabon ƙashi su cike gurbin. Ta haka haƙorin ke tafiya tare da raminsa, da saurin da bai cika wuce milimita ɗaya a wata ba.

Wannan ne ya sa ƙara ƙarfin waya ba ya gaggauta aikin. Idan matsin ya yi yawa, jini yana daina isa wurin da ya matse, haƙorin ya tsaya na ɗan lokaci, kuma saiwarsa tana iya lalacewa. Shi ya sa ake farawa da sirarar waya mai taushi ta nikel da titaniyom, sannan a riƙa sauya ta da masu kauri har a kai ga ta ƙarfe zalla.

Dalilin da ya sa aka fi sa wa matasa

Zuwa shekara 12 ko 13 yawancin haƙoran dindindin sun fito, in ban da turamen ƙarshe guda huɗu da kan fito tsakanin shekara 17 da 25. A wannan lokaci muƙamuƙi bai gama girma ba, saboda haka likita yana iya amfani da girman wajen gyara. Ɗinkin ƙashin da ke tsakiyar ganɗa bai gama haɗewa ba, don haka ana iya faɗaɗa muƙamuƙin sama da na'ura mai kusa da ake murɗawa kaɗan-kaɗan. Akwai kuma na'urorin cirewa da ke riƙe muƙamuƙin ƙasa a gaba, irin su Twin Block da William Clark na Sukotland ya ƙirƙiro a 1977, waɗanda suka fi aiki a lokacin da jiki ke saurin girma. Wannan lokaci yakan zo wa 'yan mata da wajen shekara biyu kafin samari. Idan ƙashi ya gama girma, babban saɓani tsakanin muƙamuƙin sama da na ƙasa yakan buƙaci tiyata tare da ƙarfen.

Ƙungiyar ƙwararrun likitocin daidaita haƙora ta Amurka tana ba da shawarar a fara duba yaro tun yana shekara 7. Manufar ita ce a gano matsala da wuri, domin yawancin yaran da aka duba a wannan shekara ba a fara musu magani sai bayan wasu shekaru.

Nau'o'i

Na ƙarfe

Shi ne mafi daɗewa kuma mafi yaɗuwa. Ana ƙera biraket ɗinsa da ƙarfen da ba ya tsatsa. Yana da ƙwari, yana iya gyara kusan kowace irin matsala har da masu wuya, kuma galibi shi ne mafi araha. Da yake a manne yake, yana aiki dare da rana ko mai shi ya tuna ko bai tuna ba, abin da ya sa likitoci da yawa suka fi zaɓar wa matasa shi. Zoben robar da ke riƙe wayar yana zuwa da launuka iri-iri, ana kuma sauya shi a kowace ziyara. Babban aibinsa shi ne ana ganinsa sarai idan an yi magana ko dariya.

Na tangaran

Tsarinsa ɗaya da na ƙarfe, sai dai biraket ɗin fari ne ko garai-garai, don haka ba ya bayyana sosai daga nesa. Ya fi na ƙarfe tsada da saurin fashewa. Tangaran ɗin ya fi fuskar haƙori tauri, saboda haka idan haƙoran sama suna bugunsa yana iya cinye su. Wannan ya sa sau da yawa ake sa shi a haƙoran sama kaɗai, a sa na ƙarfe a ƙasa. Farar robar da ke riƙe wayar tana rinewa da shayi, kofi, goro da miya mai manja ko kurkur, ko da yake ana sauya ta a ziyara ta gaba.

Mai kulle kansa

Biraket ɗin wannan nau'i yana da ɗan murfi da ke zugewa ya rufe waya, don haka ba ya buƙatar zoben roba. An fara ƙera irinsa tun shekarun 1930, amma bai yaɗu ba sai a shekarun 1990, da fitowar samfura irin su Damon. Akwai na ƙarfe, akwai na tangaran. Yana rage lokacin da ake ɗauka wajen sauya waya a asibiti. Masu tallarsa kan ce yana gama aiki da wuri, amma binciken da ya kwatanta shi da na gargajiya bai nuna wani babban bambanci a tsawon lokacin magani ba.

Na bayan haƙora

Ana manna shi a fuskar haƙora ta ciki, wajen harshe, yadda ba a ganinsa daga waje. Sau da yawa ana ƙera biraket ɗin daidai da siffar haƙoran mai shi, abin da ya sa yana cikin mafiya tsada, kuma ba kowane likita ne ya ƙware a kansa ba. Yana gogar harshe, yana da wuyar wankewa, kuma yana shafar furuci a makonnin farko. Sautukan da suka fi shafuwa su ne waɗanda harshe ke furtawa a hanƙa, kusa da bayan haƙoran sama, kamar s, z, t, d da ts. Yawancin mutane kan saba bayan ɗan lokaci. Bai cika dacewa da mai gajerun haƙora ba, domin wurin mannawar ƙarami ne.

Marufin roba mai garai-garai

Wannan ba shi da biraket ko waya. Ana ɗaukar hoton haƙoran da na'ura, kwamfuta ta tsara tafiyarsu mataki-mataki, sannan a ƙera jerin marufan roba, kowanne ya ɗan bambanta da wanda ya gabace shi. Ana sauya marufi duk bayan mako ɗaya ko biyu. Sau da yawa akan manna wasu ƙananan ɗigo masu launin haƙori domin marufin ya sami wurin kamawa. Ana cire shi lokacin cin abinci da wanke baki, don haka babu abincin da aka hana, kuma tsafta ta fi sauƙi.

Sharaɗinsa shi ne a sa shi awa 20 zuwa 22 a kowace rana. Matashin da ke cire shi a makaranta ko yake mantawa da shi bayan cin abinci ba zai ga sakamako ba, kuma marufi na gaba ba zai shiga ba. Ya fi dacewa da matsala mai sauƙi ko matsakaiciya. Ba ya kai ƙarfen da aka manna inganci wajen juya haƙora masu zagayayyiyar siffa kamar fiƙa, ko janyo haƙorin da bai gama fitowa ba, ko rufe babban giɓi bayan cire haƙori.

Yadda ake zaɓa

Abin da ake fara dubawa shi ne irin matsalar, domin ita ke nuna nau'o'in da za su iya aikin. Sai halin matashin: wanda ba ya kula da wanke baki yana cikin haɗarin ruɓewar haƙori idan aka manna masa ƙarfe, wanda kuma ke da mantuwa ba zai amfana da marufin roba ba. Bayan haka ake duba kamanni da kuɗi. Tsadar nau'i ba ta nuna cewa sakamakonsa ya fi kyau. Tsarin da likita ya yi da haɗin kan mai sawa su suka fi tasiri a kan yadda haƙoran za su kasance a ƙarshe.

Matakan magani

Ana farawa da duba baki, da ɗaukar hoton fuska da na ƙashi, da awon haƙora. Dole a cike duk wani kogon haƙori a kuma warkar da ciwon dasashi kafin a ɗaura komai. Idan cunkoson ya yi yawa, akan cire wasu haƙora, galibi ƙananan matauna da ke bayan fiƙa, domin a sami fili. Mannawar kanta ba ta da zafi, kuma takan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Daga nan ana komawa asibiti duk bayan mako 4 zuwa 8. Cikakken magani yakan ɗauki wata 18 zuwa 24, yana iya gaza haka ko ya kai shekara uku. Yawan ɓallewar biraket, da tsallake ranar ganin likita, da ƙin sa robobin ja suna tsawaita lokacin.

Kulawa da abinci

Haƙora kan yi tsami na 'yan kwanaki bayan an ɗaura ƙarfen da kuma bayan an sauya waya. Abinci mai laushi da maganin rage zafi kamar farasitamol kan wadatar. Idan biraket yana gogar leɓe ko kumatu, ana liƙa masa ɗan kakin da likita ke bayarwa.

Ana wanke baki aƙalla sau biyu a rana da buroshi da man goge baki mai fuloraid, a kuma bi tsakanin waya da haƙora da ƙaramin buroshi na musamman. Ana guje wa abinci mai tauri da ke ɓalle biraket, kamar rake, aya, ƙashi, ƙanƙara, gasasshiyar masara da busasshen kilishi, da mai danƙo kamar cingam da alewa. Abubuwa irin su karas, goba da tsire ana yanka su ƙanana a tauna da turame. Lemon kwalba da sauran abubuwan sha masu sukari suna gaggauta lalacewar haƙori. Mai wasan ƙwallo, dambe ko kokawa yana buƙatar robar kare baki.

Illoli

Illar da aka fi gani ita ce fararen tabo a kewayen biraket, waɗanda ke bayyana bayan an cire shi. Alama ce ta farkon ruɓewa, dauɗar da ta taru ce ke haifar da su, kuma wasu ba sa gogewa. Dasashi kan kumbura ya riƙa jini idan tsafta ta yi ƙaranci. Saiwoyin haƙora kan ɗan gajarce da milimita ɗaya ko biyu a wurin mutane da yawa ba tare da wata matsala ba, amma a wurin ƙalilan gajarcewar takan yi tsanani. Masu jikin da ba ya jituwa da nikel ana iya sa musu na titaniyom ko na tangaran.

Bayan an cire

Haƙora suna da halin komawa inda suka fito, domin zaruruwan dasashi suna ɗaukar watanni kafin su saba da sabon matsayi, kuma haƙoran kowa suna ɗan motsawa yayin da shekaru ke tafiya. Saboda haka ana ba da mariƙin haƙora. Akwai na roba mai garai-garai, da na Hawley mai faranti da waya, da siririyar waya da ake mannawa a bayan haƙoran gaba. Likitoci da yawa suna ba da shawarar a ci gaba da sa mariƙin cirewa da daddare muddin ana son haƙoran su zauna a miƙe. Barin sa shi yana cikin manyan dalilan da ke sa mutane sake ɗaura ƙarfe bayan sun girma.

Samuwa da ƙarfen ado

A Ingila hukumar lafiya ta ƙasa tana yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 aikin kyauta idan matsalarsu ta kai wani matsayi a ma'auni mai daraja biyar. A Najeriya likitan haƙori yana samun wannan ƙwarewa ne bayan ƙarin horo na shekaru a asibitin koyarwa. Ƙwararrun ba su da yawa, akasarinsu suna manyan birane, kuma galibi iyaye ne ke biyan kuɗin daga aljihunsu. Da yake za a shafe kusan shekara biyu ana zirga-zirga, nisan asibiti yana cikin abubuwan da ake lissafawa tun kafin a fara.

Tsadar aikin ta sa a wasu ƙasashe ake kallon ƙarfen haƙora a matsayin alamar wadata. Daga nan aka sami ƙarfen ado, wanda mutanen da ba likitoci ba ke manna wa matasa a shaguna ko ake saye ta intanet. Ya yaɗu a Tailan, Indonesiya da Malesiya, har hukumomin Tailan suka haramta sayar da shi. Ko da don ado aka sa ta, waya tana tura haƙori. Idan babu hoton ƙashi, babu tsari, babu mai sa ido, haƙora masu lafiya suna iya karkacewa, su yi girgiɗi, ko su faɗi, ban da cututtukan da kayan da ba a tsaftace ba ke yaɗawa.